Tasi Mai Lamba 1N11: Marathon Ce Ko A11?

Ranar 26 ga Yuli, 1999, mutane suka taru a dandalin Times Square na birnin New York domin yin bankwana da wata tsohuwar tasi mai ruwan ɗorawa. Mai ita, Earl Johnson, haifaffen Jamaika ne. Ya saye ta sabuwa fil a 1978, ya kuma shafe shekara 21 yana neman abinci da ita a kan titunan birnin, har ta ci mil dubu 994 da ɗoriya, kusan kilomita miliyan ɗaya da dubu 600 ke nan. Ita ce motar kamfanin Checker ta ƙarshe da ta rage tana ɗaukar fasinja da lasisin birnin. A watan Disamba na wannan shekarar aka kai ta gidan gwanjo na Sotheby's, aka buga mata ƙararrawa a kan dala 134,500.

Motar ta yi suna, hotunanta sun zaga duniya. To amma mene ne sunan samfurinta? Tambayi mutum goma da suka san motocin Amurka, tara za su ce maka Checker Marathon. Haka ake yawan rubutawa a ƙarƙashin hotonta da na 'yan'uwanta, a jaridu da tallan masu sayar da tsofaffin motoci, har da kwalin motocin wasan yara. Amsar kuwa ba daidai ba ce. Sunanta A11. Marathon wata mota ce daban, duk da cewa uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma a tsaye daga nesa ko wanda ya ƙera su sai ya ƙara duba. Na ɗauki wannan mota ɗaya ne in bi ta daki-daki, domin hanyar da za a bi a tabbatar da sunanta ita ce hanyar da ake bi da kowace tsohuwar motar Amurka da aka ƙera don aikin tasi.

Sunaye nawa ne a jikin mota ɗaya

Abin da ke fara rikita mutum shi ne tasi a Amurka tana yawo da sunaye har huɗu a jikinta, kuma uku daga ciki ba na samfuri ba ne.

Ɗauki 1N11 ɗin nan da kowa ke kiranta da shi. Lambar lasisi ce. Tun 1937, zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, birnin New York ya ƙayyade yawan tasin da za su riƙa ɗaukar mutane a bakin titi, ya ba kowace wani ɗan faranti na ƙarfe da ake mannawa a kan bonet. Lambar ta mai lasisi ce, in ya canja mota sai ta koma kan sabuwar. Kasancewar lambar ta ƙare da 11 kamar A11 dace ne kawai.

Sai launi. Ruwan ɗorawa ba ya nuna komai game da wanda ya ƙera mota. Dokar da birnin ya yi a 1967 ce ta wajabta wa duk tasi mai lasisi wannan fenti, ko Ford ce, ko Dodge, ko Checker. A Chicago ma, inda sunan Checker ya samo asali, tasin Checker kore ne da ruwan madara.

Na uku shi ne sunan da ke rubuce a ƙofa, wanda galibi na kamfanin da ke haya da motar ne. A nan ne abin ya fi cakuɗewa, don kuwa kalmar Checker kanta ta fara ne a matsayin sunan ƙungiyar direbobin tasi a Chicago, saboda zanen gidan dara baƙi da fari da suke zagaye motocinsu da shi. Daga baya masana'antar ta ari sunan. Shi ya sa za ka iske tsohon hoto na wani gari da aka rubuta Checker Cab a jikin mota, alhali motar Plymouth ce ko Chevrolet. Za ka kuma iske akasin haka, motar Checker tsantsa amma ƙofarta na ɗauke da sunan Yellow Cab, musamman bayan 1929 lokacin da mai kamfanin Checker ya karɓe ragamar Yellow Cab na Chicago. Wasu tasin ma an manna musu tambarin Checker Special a ƙofar baya, mutane su karanta su ɗauka sun kama sunan samfuri.

Na huɗun, wato sunan samfuri na gaskiya, shi kaɗai ne ba ya fitowa fili. Sai an ɗaga bonet.

Gidan da motar ta fito

Morris Markin tela ne. An haife shi a Smolensk ta ƙasar Rasha a 1893, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana matashi, ya zauna a Chicago, ya yi kuɗi da ɗinka wa sojoji wanduna a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shigarsa harkar mota ta hanyar bashi ce. Ya ranta wa wani mai ƙera bodin mota dala 15,000, mutumin ya kasa biya, sai masana'antar ta dawo hannunsa. Babban mai sayen bodin shi ne kamfanin Commonwealth Motors da ke Joliet a jihar Illinois, wanda ke haɗa wata tasi mai suna Mogul. Shi ma da ya durƙushe, Markin ya haɗe biyun ya kafa Checker Cab Manufacturing Company a 1922. A 1923 ya kwashe kayansa zuwa garin Kalamazoo a jihar Michigan, kuma tun daga lokacin a nan aka ƙera kowace Checker har zuwa ta ƙarshe.

Wannan asali ya bayyana dalilin da ya sa sunayen motocinsa suka fita daban. Ford da General Motors da Chrysler suna sayar wa mutum ɗaya-ɗaya, don haka dole su raɗa wa mota suna mai daɗin faɗa wanda zai ja hankalin maigida da uwargida. Markin kuwa abokan cinikinsa masu garejin tasi ne, masu sayen mota hamsin ko ɗari a lokaci guda. Irin wannan mai saye bai damu da suna ba. Abin da yake tambaya shi ne shekara nawa shasi zai yi yana shan ramuka, kuma in an buge gefe minti nawa bakanike zai ɗauka ya kwance ya ɗaura wani. Saboda haka haruffa kawai aka riƙa sa musu, haruffan ma ba a jere ba: akwai samfurin H a 1923, E a 1924, K a 1928, M a 1931, T a 1933, Y a 1935. Sai a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu aka komo kan harafin A. Wannan samfurin A mai ban sha'awa ne ƙwarai, don rufinsa na baya yana zugewa fasinja ya kalli dogayen benaye, kuma guda ɗaya tak aka sani ta rage a duniya. Tasi ba ta tsufa a gareji. Ana aiki da ita har ta mutu, a cire abin da zai moru, a kai sauran wurin masu narka ƙarfe.

Bayan yaƙin sai aka ci gaba da A ana ƙara mata lamba, kuma a nan akwai wani tarko da ya kamata mai bincike ya sani. A2 ta 1947 tasi ce, A3 kuwa 'yar'uwarta ce da aka ƙawata don masu shiga na kansu. A4 ta 1950 tasi, A5 ta gida. A6 tasi, A7 ta gida. A8 ta 1956 tasi. Wanda ya tsaya a nan zai kafa ƙa'ida ya ce lamba mai rabuwa biyu ita ce tasi. Sai ga A9 a 1958, ita ma tasi, daga nan lissafin ya juye: A10 ta gida, A11 tasi, A12 ta gida. Duk wanda ya haddace rabin jerin ya bar rabi zai yi kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa.

A10 ce ta fara samun suna irin na kasuwa. A 1958 kamfanin ya koma Checker Motors Corporation, a ƙarshen 1959 kuma ya fito da Superba domin ya gwada sa'arsa wajen magidanta. Samfurin 1961 ya zo da wadda ta fi ta ado, aka kira ta Marathon. Zuwa 1963 an ajiye sunan Superba, abin ya tsaya a kan biyu har ƙarshen kamfanin: A12 ita ce Marathon, A11 ita ce tasi. A takardun kamfanin ba ta da wani suna sai Taxicab.

Me ya sa sunan ƙaramar ya rufe na babbar? Domin Marathon ce kaɗai ke da suna rubuce a jikinta da haruffan ƙarfe masu ƙyalli, ita ake tallatawa a mujallu, ita littattafan farashin mota suke lissafawa. A11 ba ta buƙatar talla. A yawan ƙira kuwa tasin ta ninka ta gida nesa ba kusa ba. Mu ma mun san irin wannan. Kowane garin sabulu Omo ne a bakinmu, kowane dunƙulen miya Maggi ne. Sunan da ya fi sauƙi a harshe shi ke cinye sauran.

Karanta jikin motar

Yanzu mu tsaya a gaban 1N11 kamar ba mu san komai a kanta ba, mu ga abin da ido zai iya tabbatarwa.

Siffar gaba ɗaya ita ce shaida ta farko. Doguwa ce a tsaye, rufinta a sama, gefenta a miƙe kamar akwati, ƙofofin baya manya masu buɗewa sosai. An yi ta ne don mutum ya shiga ba tare da ya cire hula ba. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya inci 120 ce, mita uku da 'yan kai. Ƙasan ɗakin baya shimfiɗe yake, kuma filin da ke tsakanin kujerar baya da ta direba ya isa a kafa ƙananan kujeru biyu na naɗewa, waɗanda da yawa daga cikin tasin suka zo da su. Wannan jiki ya fara ne da A8 a 1956, don haka duk abin da ya gabaci wannan shekara ya fita daga lissafi.

Sai fitilun gaba. A8 tana da ɗaya a kowane gefe. Daga A9 aka koma bibbiyu, huɗu ke nan. Tamu huɗu gare ta, A8 ta fita.

Sai ragar gaba, wadda iska ke bi ta shiga lagireto. A kan A9 da Superba ƙananan fitilun sigina suna cikin ragar ne, zagaye da wani ado mai kama da tauraro. A kan A11 da A12 ragar ta miƙe daga gefe zuwa gefe da ƙananan gidaje, siginar kuma ta koma ƙarƙashin manyan fitilu. Tamu irin ta biyun ce. Saura A11 da A12, kuma saura shekaru ashirin da za a tace, daga farkon shekarun 1960 zuwa 1982.

A nan ne aikin ya fi daɗi, a ganina. Sauran kamfanonin Amurka na wancan zamani kusan kowace shekara sai sun sauya fuskar mota, ta yadda yaro a bakin titi zai iya gaya maka wannan Chevrolet ta 1957 ce, waccan ta 1958. Checker ya ƙi wannan al'ada da gangan, saboda mai gareji yana so ƙofar da ya saya bana ta shiga motar da ya saya shekara takwas da suka wuce. Kusan duk canjin da ake gani a jikin motar dokar gwamnatin tarayya ce ta tilasta shi. Wato mai son sanin shekarar Checker, dokokin kiyaye haɗari na Amurka yake karantawa a jikin ƙarfe.

A 1963 gilashin siginar gaba ya tashi daga fari ya koma ruwan lemo. A 1968 doka ta ce kowace sabuwar mota ta sa ƙananan fitilu ko gilashi mai mayar da haske a gefe, na gaba ruwan lemo, na baya ja, kuma na Checker zagayayyu ne kamar kwabo. A ƙarshen shekarun 1960 ɗin aka ƙara wa gilashin gaba tsayi. A 1969 kujerun gaba suka sami matashin kai. A 1970 aka sa sitiyari mai kullewa, wanda aka ɗauko kai tsaye daga manyan motocin Chevrolet. Canjin da ya fi kowanne fitowa shi ne na 1974. Gwamnati ta ce dole bamba ta jure karo a gudun mil 5 a awa ba tare da fitila ko wani muhimmin abu ya lalace ba. Checker ya cire siririyar bambarsa mai ƙyalli ya ɗaura wani ƙaton ƙarfe miƙaƙƙe mai fentin ruwan azurfa, kamar an yanko shi daga gada. Ko daga tsallaken titi ana ganinsa. 1N11 tana da shi gaba da baya, don haka ba ta gaza 1974 ba.

Shaida ta ƙarshe da ido ke iya kamawa ƙarama ce, mai sauƙin tsallakewa: waifa. A tsofaffin Checker hannuwan waifar suna kwanciya ne suna fuskantar juna, in an kunna su buɗe kamar mai tafi. Daga 1978 aka koma irin wadda muka saba gani yau, hannu biyu suna tafiya gefe ɗaya tare. A wannan shekarar kuma aka canja fasalin sitiyari zuwa sabon na Chevrolet. Mota mai ƙatuwar bamba da waifa mai tafi tana tsakanin 1974 da 1977. Mai ƙatuwar bamba da waifa mai tafiya tare tana tsakanin 1978 da 1982. Wanda ya riƙe waɗannan biyu kaɗai ya rage wa kansa rabin wahala.

Inji ma yana magana, in an sami damar leƙawa. Har zuwa 1964 Checker yana sayen inji mai silinda 6 ne daga kamfanin Continental. Daga 1965 ya koma na Chevrolet, mai silinda 6 ko mai 8. Sai dai inji shi ne shaidar da na fi ƙin dogara da ita. Motar da ta doshi mil miliyan ɗaya ba da injin da ta baro Kalamazoo da shi ta kai nan ba.

Wannan matsala ba ta tsaya ga inji ba. Abin da ya sa masu gareji suke son Checker shi ne abin da ke wahalar da mai bincike. Ɓangarorin da ke rufe tayoyi da kusoshi aka ɗaure su, ba walda ba. Ƙofa, bonet, bamba, raga, duk suna shiga juna tsakanin shekaru masu yawa. Babban gareji a Brooklyn ko Chicago yana ajiye matattun motoci a bayan gida yana ciro musu kaya. Tasin da ta yi shekara biyar a titi tana iya zama da ƙofar wata, bambar wata, gilashin wata. Saboda haka alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Sai uku ko huɗu sun yi baki ɗaya, kuma waɗanda suka fi wuyar canjawa, kamar tsayin gilashin gaba da wurin da aka huda wa waifa, sun fi bamba nauyi a ma'auni.

Duk wannan ya ba mu shekara. Bai raba mana A11 da A12 ba, don canje-canjen sun shafe su tare.

Bambancin nasu yana cikin ado da kayan aiki. Marathon tana da siririn ƙarfe mai ƙyalli a gefe, da sunanta a rubuce, da kafet, da kujeru masu laushi, da gaban direba da aka ƙawata. A11 an tuɓe mata duk wannan. Ƙasanta roba ce da za a iya wankewa da bokitin ruwa a ƙarshen dare, kujerunta leda ce mai kauri, kuma tun daga masana'anta an tanadar mata hanyar wayoyin fitilar kan rufi da na mita. An yi ta ne don direba ya sauka wani ya hau, injin bai huce ba.

Amma ado ana cire shi, ana kuma ƙara shi. Tun da tasin suka ƙare a titi, buƙatarsu ta tashi wajen masu shirya fim da masu talla da masu ɗaukar amarya. A11 na gaskiya kaɗan ne suka tsira, don aiki ya cinye su. Marathon kuwa, da yake a hannun magidanta ta zauna, tana kwana a rumfa, ta tsira da yawa. Sai masu sana'a suka riƙa sayen Marathon, su kai wa mai fenti ya watsa mata ruwan ɗorawa, a manna gidan dara, a ɗora fitila a ka. Da yawa daga cikin “tasin New York” da ake gani a wuraren baje koli yau ba su taɓa ɗaukar fasinjan kuɗi ko sau ɗaya ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin ke nan: mutum ya ga mota cikin kayan tasi, ya ga an rubuta Marathon a gefenta da haruffan masana'anta, ya tafi da yaƙinin cewa ya gani da idonsa.

Abin da ke yanke gardama shi ne ɗan farantin da masana'anta ta manna a ƙarƙashin bonet, a jikin bangon da ya raba inji da ɗakin direba. A motocin shekarun 1960 da 1970 lambar shasi tana farawa ne da sunan samfurin kansa. A11, tasi. A12, Marathon. In an ga W a gaba, A12W, mai dogon baya ce ta ɗaukar iyali da kaya. In an ga E, A11E ko A12E, wadda aka ƙara wa tsayi ce, tazarar tayoyinta inci 129. Daga 1981 ne tsarin ya canja, lokacin da aka wajabta wa duk motocin da ake sayarwa a Amurka lamba mai gurbi 17. Motar Earl Johnson ta 1978 ce, an saye ta don aikin tasi, ta yi rayuwarta duka da mita a gaba. A11 ce.

In hoton ya girmi 1956

Wanda ya ci karo da hoton New York na shekarun 1940 kada ya yi saurin cewa Checker. Har zuwa 1954 dokar birnin ta ce dole tasi ta iya zaunar da fasinja biyar a bayan direba, abin da motar gida ta yau da kullum ba za ta iya ba. Kamfanoni ƙalilan ne suka cika sharaɗin, kuma wadda ta fi cika titi a lokacin DeSoto ce, ɗaya daga cikin rassan Chrysler. Ita ma tana da nata rikicin suna. Ana kiranta Sky-View, saboda tagar da aka buɗe a rufi sama da fasinja. Wannan suna ya fito ne daga James F. Waters, dillalin motocin Chrysler wanda ke karɓar dogayen DeSoto masu tazarar inci 139.5 ya mayar da su tasi a Detroit. A wajen Chrysler kuwa motar 1946 zuwa 1948 sunanta S-11. Ana gane ta da ragar gaba mai sanduna a tsaye kamar haƙora.

In an ƙara komawa baya sai a iske Yellow Cab Manufacturing Company na John Hertz, mutumin da kamfanin hayar motoci na Hertz ke ɗauke da sunansa har yau. Ya ƙera tasi a Chicago, General Motors ya sayi rinjayen kamfanin a 1925, aka ci gaba da ƙera su da sunan General Motors Cab har 1938.

Da dokar 1954 ta sassauta, sai Ford da Plymouth da Chevrolet na gida suka kwararo cikin sana'ar, DeSoto mai dogon jiki ta ɓace. Studebaker ya gwada da wata da ya kira Econ-O-Miler a ƙarshen shekarun 1950. Daga baya manyan kamfanonin suka tsaya a kan ba motar gida kayan ƙarfi su ɓoye bambancin a cikin lambar oda, kamar 9C6 a Chevrolet. A8 ita ce amsar da Checker ya bayar ga wannan sabuwar gasa, kuma da jikinta ya rayu shekara 26.

Ƙarshen layin

Shekarar da Checker ya fi ƙera motoci ita ce 1962, da ɗan abin da ya haura 8,000, adadin da manyan kamfanonin Detroit ke fitarwa cikin ƙasa da kwana ɗaya. Markin ya rasu a 1970, ɗansa David ya gaje shi. Tsadar mai ta shekarun 1970 ta bugi mota mai nauyi irin wannan, kuma masu gareji suka ga ya fi musu arha su sayi Chevrolet ko Ford da rangwame su yar bayan shekara uku. A 1977 Ed Cole, tsohon shugaban General Motors, ya shigo kamfanin da niyyar fito da sabuwar tasi, amma a watan Mayu na shekarar ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgin sama kusa da Kalamazoo. Sabuwar motar ba ta fito ba. Kamfanin ya ci gaba da buga wa General Motors sassan bodi har 2009, sannan ya rufe.

Abin da ya sa nake dagewa a kan harafi ɗaya da lamba biyu shi ne Marathon mota ce mai kyau, amma ba ita ta yi aikin ba. Wadda ta kwashi ma'aikatan dare da matafiya da masu naƙuda, wadda direbobi baƙin haure irin Earl Johnson suka ciyar da iyali da ita, wadda ta sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara har shasinta ya ruɓe, ita ce mai ƙasan roba. Idan aka kira ta da sunan 'yar'uwarta ta gida, an ba wata ladan wahalarta. Akwai kuma batun kuɗi, don mai sayen tsohuwar mota yana da haƙƙin sanin ko tasi ce ta gaske ko Marathon ce da aka yi wa fenti.

Motar ƙarshe ta sauko daga layin Kalamazoo ranar 12 ga Yuli, 1982. Tana nan a gidan adana motoci na Gilmore da ke Hickory Corners, ba nisa da inda aka ƙera ta. Ba ta taɓa fita neman fasinja ba. Fentinta kore ne da ruwan madara irin na Chicago, da gidan dara zagaye da ita, da ƙatuwar bamba, da waifa mai tafiya tare. Ita ma A11 ce.